Gamji a Idon Manoman Arewacin Kano

A ƙasashen Dambatta da Bichi da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, bakin dattawa bai taɓa zuwa ɗaya ba game da Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966.

Jinin sarauta ne, tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya yi hakimcin Raba. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, Allah ya ba Abubakar na Uku, shi kuwa aka naɗa shi Sardauna. Daga baya siyasa ta ba shi iko wanda ya fi na gadon da ya rasa. A can Ingila, sai da Sir Alec Douglas-Home, basaraken Sukotland, ya ajiye sarautar gidansu a 1963 kafin ya zauna a majalisar wakilai yana Firayim Minista. Sardauna kuwa bai taɓa tuɓe rawani don ƙuri'a ba. Da rawanin ma ya neme ta.

To, a nan ne gizo yake saƙar. Manomin gyaɗa bai san Kaduna ba. Abin da ya sani shi ne dagaci mai karɓar haraji, da ɗan doka, da alƙalin En'e wanda ke ɗaure 'yan NEPU, da kuma hukumar sayen amfanin gona wadda ke yanka wa gyaɗarsa farashi ƙasa da na kasuwar duniya. Da irin wannan rarar ne aka yi yawancin ayyukan da ake yaba wa gwamnatinsa. Ba mamaki wanda ɗansa ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ya tuna da Gamji da alheri, maƙwabcinsa da ya sha ɗauri kuwa ya riƙe Malam Aminu Kano.

Sai dai kuskure ne a ɗauke shi ɗan amshin shatan sarakuna. A 1963 gwamnatinsa ce, bayan binciken Muffett a kan kuɗin En'en Kano, ta sa Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Wannan ya yi wa Kanawa da yawa ciwo, masu sarauta da talakawa, ya kuma ƙara wa masu neman a ba Kano jiharta ƙarfi. An kashe Sardauna a Kaduna ran 15 ga Janairu 1966, aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967.