RANAR DA MUKA SA WA DUNA HULA



Kwanakin baya ƙanena ya nuna mini hoto a wayarsa, wai mutanen birnin New York na Amurka ne suke sa wa karnukansu tufafi duk watan Oktoba, su zagaya da su a filin Tompkins Square ana tara kuɗin kula da wurin. Na yi dariya har da hawaye, na ce da shi, "Kai ma ka manta da Duna ke nan?"

A azumin shekarar 2000, wanda ya faɗo cikin sanyin hunturu, ina 'yar shekara goma a Ɗan Isa ta ƙasar Ƙauran Namoda. Dandalinmu da muke gaɗa ruwan damina ya zaizaye shi, mutane kuma suka mayar da ramin juji. Da azumi ya kai goma aka fara tashe, sai yayanmu ya tara mu ya ce bana duk abin da aka samu ba za a raba ba, dandali za a gyara.

Da ma samari kan liƙa gemun auduga su cusa tsumma a ciki, to mu sai muka ƙara da namu salon. Muka kamo Duna, karen farautar Baba, muka zura masa tsohuwar 'yar shara, muka ɗaura masa hula da zare. Inna ta fito ta riƙe haɓa ta ce, "Mi ni ka gani haka? Kare da hula cikin watan azumi? Wallahi kar ku shigam min ɗaki da shi!" Wani gidan a kore mu da tsintsiya, wani gidan kuwa matan su yi ta dariya har su manta da kunu a wuta, a ba mu naira biyar ko kwanon gero.

Ni aka bai wa ajiya, wai don ba ni da kwaɗayi. To 'yar uwa, a nan Shaiɗan ya same ni. Ana saura kwana uku Salla na ga ɗankunne wurin ɗan koli, na zare naira ashirin daga gwangwanin na saya, na ɓoye ƙarƙashin tabarma. Daren nan ban runtsa ba. Da sahur Inna ta ga na kasa haɗiyar tuwo, ta tsare ni da ido, sai kawai na fashe da kuka. Ba ta dake ni ba. Cewa ta yi, "Ɗiyata, kuɗin jama'a wuta ne. Ki mai da shi tun ba ki saba ba." Da kaina na mayar wa ɗan koli kayansa, na tsaya gaban yara na faɗi abin da na yi. Wallahi har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Bayan Salla aka sayar da geron, aka biya masu jakuna suka zubo jar ƙasa, samari suka yi gayya suka cike ramin. Muka dasa darbejiya huɗu, mu 'yan mata muka riƙa ba su ruwa da tulu har damina ta sauka. Uku suka rayu.

Yanzu tsoron 'yan bindiga ya sa ba a cika barin yara a waje bayan isha'i ba. Amma zuwana gida na ƙarshe na tarar da wasu mata da rikici ya koro daga ƙauyukansu suna shayar da jarirai a inuwar bishiyoyin nan.

Don haka uwargida, idan an kawo miki gwangwanin unguwa kada ki raina naira hamsin ɗinki, da ɗaya-ɗaya tsuntsu ke gina sheƙa. Idan kuma ke aka bai wa ajiya, ki tuna da ɗankunnena.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara. Amin.