Biza: Wa Zai Shaide Mu Cewa Za Mu Komo?

Duk wanda ya tashi a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san tafiya gadonmu ce. Kakanninmu sun kora jakuna zuwa Gwanja neman goro, sun bi ayarin raƙuma ta Agadas har Tarabulus, wasu kuma suka ɗauki sanda da buta suka fuskanci gabas, suka ratsa Wadai da Darfur a ƙasa domin sauke farali, tafiyar da kan ci shekaru. A hanya akwai kuɗin fito, akwai gaisuwar sarakuna, akwai ƴan fashi. Amma abin da ake tambayar baƙo a bakin zango bai wuce biyu ba: daga ina kake, kuma wane ne mai masaukinka? Da zarar mai masauki ya ce "baƙona ne", magana ta ƙare.

Yau idan ɗayanmu ya yi niyyar leƙa Turai na ƴan kwanaki, don ziyarar ɗa, ko ganin likita, ko halartar taro, ko sarin kaya, wata tambaya ta uku ce ke jiransa, kuma ita ce ta fi nauyi: me zai tabbatar mana cewa za ka koma gida?

Takardar da ake nema sunanta bizar Shengen. Shengen wani ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Luksamburg, a bakin kogin Mozel, inda a ranar 14 ga Yuni 1985 ƙasashe biyar, wato Faransa da Jamus ta Yamma da Beljiyam da Holan da Luksamburg, suka sa hannu a kan yarjejeniyar ɗauke shingen da ke tsakaninsu. Ta fara aiki a 1995, kuma a yau ƙasashe 29 ne a cikinta. Sai dai duk gidan da ya rushe katangun cikinsa, to zai ƙara wa katangar waje tsawo. Manyanmu da suka je karatu Faransa a shekarun farko na ƴancin kai sukan ba mu labarin zamanin da tafiyar ba ta da wannan wahala. A 1986 ne Faransa ta ɗora wa akasarin baƙi wajabcin biza.

Ƙa'idar a rubuce take, kuma kowa yana iya saninta. Bizar gajeren zama tana ba mutum kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ana neman ta a ofishin jakadancin ƙasar da mutum zai fi daɗewa a cikinta, daga wata shida kafin tafiya zuwa kwana 15 kafin ranar tashi. Fasfo ya kasance bai haura shekara goma da fitowa ba, yana da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, kuma wa'adinsa ya zarce ranar komowa da wata uku. Ana son inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin Yuro 30,000, kusan Sefa miliyan 20 ke nan. Ana son shaidar masauki, da shaidar kujerar jirgi ta zuwa da dawowa, da takardar banki mai nuna shige da ficen kuɗi. Za a ɗauki hoton fuska da zanen yatsu goma, waɗanda ake iya sake amfani da su har wata 59. Amsa kan fito cikin kwana 15, wani lokaci ta kai kwana 45.

Sai kuɗin neman, wanda tun watan Yuni 2024 ya koma Yuro 90, kimanin jika 59. A Nijar mafi ƙarancin albashin wata jika 42 ne. An ba ka, an hana ka, kuɗin nan ba ya dawowa. Ga kuɗin mota daga Damagaram zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ga kwanan gidan ƴan uwa ana jiran ranar da aka yanka wa mutum. Tun da ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024, hanyar ta ƙara tsawo ga masu nufin can.

A danginmu mun ga yadda wannan ƙa'ida take idan ta sauka a kan mutum mai jini da tsoka. Goggonmu, tsohuwa mai shekara sittin da ɗoriya, ƴarta ta fari tana aure a wani birni na Turai, ga haihuwar fari ta matso. A al'adarmu ba a barin mai jego ita kaɗai: uwa ce ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke gasa jariri, har a yi arba'in. Kwana arba'in take nema, ko rabin casa'in ɗin bai kai ba. Muka tattara takardu, surukinta ya aiko da shaidar masauki mai hatimin hukumar garinsu, muka raka ta har bakin ƙofa. Bayan mako uku fasfo ya dawo da farar takarda a ciki, an sa alama a gaban layi ɗaya: akwai shakka a kan niyyarta ta barin ƙasar kafin wa'adi ya cika.

Da aka fassara mata, sai ta yi shiru, can ta ce, "Ƴaƴan nan, in zauna can in yi me? Wa zai ba awakina dusa? Ga Malam a kwance a maƙabartar bayan gari, ni kuma a kai ni wata ƙasa a binne?" Aka yi suna tana kallo ta waya, tana sa albarka ga jikan da ba ta iya ɗauka ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, duk hujjojin da ta lissafa gaskiya ne, kuma sun fi kowace takarda ƙarfi, amma babu ɗaya da ke shiga cikin fayil. Ma'aikacin da ke bayan gilashi yana neman saiwar mutum a cikin takardar albashi, da asusun banki, da takardar mallakar fili. Mu kuwa saiwarmu tana cikin rumbu, da garke, da adashin mako, da gonar gado wadda duk gari ya san iyakarta ko da ba a taɓa auna ta ba. Akwai ɗan kasuwa a Maraɗi da ke juya dukiyar da ta ninka albashin babban ma'aikaci sau goma, amma cinikinsa na amana ne da baki, kuɗinsa a hannu suke. A idon fayil, ma'aikacin ne mai saiwa, shi kuwa Alhaji ganye ne da iska ke iya ɗauka. Alƙaluman 2022 sun nuna cewa kusan kashi 30 cikin 100 na masu nema daga Afirka an hana su, abin da ya zarce na sauran duniya nesa ba kusa ba.

Duk da haka adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Mai gida yana da ikon sanin wanda zai shigo masa, mu ma ba ma buɗe zaure ga wanda ba mu san asalinsa ba. Kuma shakkar nan ba daga sama ta faɗo ba. Akwai waɗanda aka ba kwana talatin suka shekara goma, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Akwai dillalan bakin titi masu cewa sun san wani a ciki, suna ƙera takardar banki ta ƙarya, su karɓi dukiyar mutum su bar shi da tabon da zai bi sunansa a kwamfutocin ƙasashe 29. Sannan mu da Agadas ke ƙasarmu mun san inda wasu ke bi idan ƙofa ta ƙi buɗuwa, mun kuma san abin da Tenere da Bahar Rum suke yi da su.

Akwai wani ɗan ƙasarmu da ya kamata a riƙa tunawa a nan. Dorugu yaro ne daga yankin Kance a ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta, daga baya aka ƴanta shi. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shiga Agadas a 1850 yana amsa sunan Abdulkarim, ya kuma yi shekaru yana cin arzikin masaukinmu, shi ya tafi da Dorugu Turai a 1855. A Ingila ya zauna tare da James Schön, kuma daga bakinsa aka rubuta labaran da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Ba shi da gona, ba shi da albashi, ba shi da ko dangin da ya tabbata suna raye. Da yau ne, fayil ɗinsa ba zai tsallake teburin farko ba. Amma bayan shekaru ya komo ƙasar Hausa, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, a can kuma ya rasu a 1912.

Goggo ta sake nema bayan wata bakwai. Wannan karon an haɗa da takardar aurenta, da takardun haihuwar ƴaƴanta da ke gida, da shaidar gidan da take ciki, da wasiƙar surukinta mai bayyana cewa shi zai ɗauki nauyin ci da sha da jirgi. Aka ba ta kwana 45. Ta yi 38 ta ce a maido ta, sanyi ya ishe ta, kuma mutanen can ba sa gaisawa a hanya.

Darasin da muka ɗauka a gidanmu mai sauƙi ne. Wanda ke da niyyar tafiya ya fara shiri da wuri, ya bar kuɗinsa su riƙa ratsawa ta banki ko da watanni ne kafin nema, ya yi wa gonarsa da shagonsa takarda, ya faɗi gaskiyar dalilin tafiyarsa, ya nisanci dillali. In an hana shi, yana da ikon ɗaukaka ƙara ko sake nema, kuma hanin ba hukunci ba ne a kan mutuncinsa. In an ba shi, ya tuna biza ba ta hana ɗan sandan filin jirgi sake tambayarsa, don haka takardunsa su kasance a hannu.

Sannan ya komo a kan lokaci. Duk wanda ya dawo kafin wa'adinsa ya cika, ya zama mai masaukin wanda ke bayansa a layi, shi ne ke cewa "baƙona ne" a madadin wata tsohuwa da ke son zuwa wankan jego. Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido su gida lafiya.