Bargunan Ƙyalle Na Gee's Bend: Wuni Guda A Lungun Kogin Alabama

Na fi shekara ashirin ina tara ƙyallaye. Duk telan da ya taɓa yi mini ɗinki ya san sharaɗina: ragowar yadi, ko faɗin tafin hannu ne, a haɗo mini da shi. Da dare, idan gida ya yi tsit, nakan zauna da zare da allura ina harhaɗa su, in fitar da rigar matashin kai ko shimfiɗar jariri. Ba sana'a ba ce, ban taɓa sayar da ko ɗaya ba, har 'ya'yana kan zolaye ni da cewa na mayar da ɗakina shagon tela. Saboda haka da na je Atlanta ta ƙasar Amurka ganin jikata da aka haifa, babban ɗana ya tambaye ni inda nake so ya kai ni yawon buɗe ido, yana zaton zan ambaci manyan kantuna. Na ce masa wani ƙauye nake son gani a Jihar Alabama, ana kiransa Gee's Bend, inda na karanta cewa mata baƙar fata sun yi suna a duniya da ɗinkin barguna daga tsummokara.

Akwai abin da ban gaya masa ba. A ƙasan jakata na sako wani zanen atamfa na mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Bayan an raba kayanta, shi kaɗai ya rage, ya koɗe ya yi laushi har ba a iya bayar da shi sadaka, 'yan'uwana suka bar mini. Shekara shida yana cikin akwatina. Na kasa ɗaura shi, na kuma kasa sa masa almakashi.

Mun yi sammako. Muka wuce Montgomery, muka ratsa Selma ta kan gadar nan da aka lakaɗa wa masu neman 'yancin zaɓe duka a 1965, sannan muka gangara kudu ta cikin dazuzzuka da gonaki har garin Camden, hedikwatar gundumar Wilcox. Daga gefen garin ake shiga jirgin fito. Kogin Alabama ya yi wata lanƙwasa a wannan wuri, ya kewaye ƙauyen ta ɓangare uku kamar baka, shi ya sa mutanensa suka daɗe a ware. Jirgin na yanzu da lantarki yake aiki tun 2019, yana tafiya shiru, cikin 'yan mintuna ya sauke mu da motarmu a wancan hayi.

Wannan gajeriyar hanya tana da dogon tarihi. A 1962, lokacin da mutanen ƙauyen suka fara tsallakawa Camden domin yin rajistar zaɓe, sai aka dakatar da jirgin fiton. Tafiyar mintuna ta koma zagaye na kusan awa guda a mota, ga mutanen da galibinsu ba su da motar. Ba a dawo da jirgin ba sai a 2006. Mai karatu ya lissafa da kansa: shekara 44. Martin Luther King ya ziyarci ƙauyen a 1965, kuma da aka kashe shi a 1968, alfadaran Gee's Bend ne suka ja keken da ya ɗauki gawarsa a titunan Atlanta.

Sunan wurin ya samo asali ne daga Joseph Gee, wanda ya kafa gonar auduga da bayi a 1816. A 1845 gonar ta koma hannun Mark Pettway, wanda ya taso bayinsa a ƙafa tun daga Carolina ta Arewa. Har yau, akwatunan wasiƙa da ke bakin hanya da yawansu Pettway aka rubuta a jiki, sunan ubangida da ya manne wa jikokin bayinsa. Bayan an 'yanta su, sun ci gaba da noma ƙasar a matsayin 'yan haya, bashi na bin bashi. A 1932, farashin auduga ya faɗi, ɗan kasuwar Camden da ke ba su rance ya mutu, magadansa suka aiko aka kwashe dabbobi, kayan noma, har da abincin da aka tanada. Agajin ƙungiyar Red Cross ne ya fitar da su daga wannan hunturu.

A irin wannan rayuwa aka haifi bargunan. Gidajen katako ne, iska na shigowa ta tsakanin alluna, sai an manna tsofaffin jaridu a bango. Kuɗin sayen bargo babu. Abin da akwai shi ne wandon aiki da ya mutu, buhun fulawa, buhun taki, da ragowar audugar da aka kalato.

A wani ɗan gini da ƙungiyar masu ɗinkin ke taruwa, na tarar da dattijuwa guda da wasu mata biyu. Na gaishe su irin tamu, na ɗan rusuna, dattijuwar ta yi dariya ta jawo mini kujera kusa da ita. Ta nuna mini yadda aikin yake, hawa uku ne. Na sama shi ne fuskar da ake harhaɗawa da ƙyallaye, kuma wannan kowace mace ita kaɗai take yin nata. Na tsakiya auduga ce, na ƙasa kuma yadi ne shimfiɗaɗɗe. Sai a ɗaure su a kan katako mai kusurwa huɗu, mata su zagaye shi suna bi da allura har hawa ukun su kama juna, galibi suna rera waƙoƙin addininsu. Ya tuna mini da aikin gayya. Suna da wani salo da suke kira rufin ɗaki, murabba'i cikin murabba'i, kamar mutum ya kwanta rigingine yana kallon azarar ɗakinsa.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne rashin tsoron karkata. Ni na saba da awo da alli, idan layi ya goce sai na warware. Su kuwa sukan yaga yadi da hannu, layi ya faɗaɗa a nan ya tsuke a can, ja ya faɗo tsakiyar shuɗi ba sallama, kuma idan ka ja da baya ka duba, sai ka ga komai ya zauna daram. A wani tsohon bargo da aka yi da wandunan aiki, ana ganin inda gwiwa ta cinye launi, da inda aka ɓalle aljihu ya bar shuɗi mai duhu wanda rana ba ta taɓa gani ba. A nan ne aka ba ni labarin Missouri Pettway, wadda mijinta ya rasu, ta tattara kayan aikinsa ta ɗinka bargo a 1942 domin ta riƙa lulluɓa da shi.

Duniya ta makara kafin ta gane su. A 1966 aka kafa wata ƙungiyar haɗin gwiwa ta masu ɗinki a yankin, wadda daga baya ta sami kwangila da kamfanin Sears, ragowar yadin kwangilar ma bai tsira ba, ya shiga barguna. Amma sai a 2002, da aka baje kolin bargunan a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan aka kai su New York, sannan masana suka farka. Aka yi ta kwatanta su da zanen manyan masu fasahar Turai, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan guda goma a kan sarki. Ni dai wannan kwatance bai gamsar da ni ba, domin yabo ne da ke cewa abu bai isa kallo ba sai ya yi kama da na Bature, alhali waɗannan mata daga iyayensu suka koya. Batun kuɗi ma ya jawo husuma, har wasu daga cikinsu suka kai ƙarar dillalan da suka fito da aikin nasu a 2007, aka sasanta daga baya. Ba zan yanke hukunci a kan shari'ar da ban halarta ba. Idona dai ya ga gidaje masu neman gyara a ƙauyen da bargunansa ke rataye a manyan birane, kuma gundumar Wilcox har yanzu tana cikin mafi talauci a Alabama. Bahaushe yana da magana a kan kura da gardi.

Da la'asar ta kawo jiki, ɗana ya leƙo ya ce, “Umma, kada jirgi ya bar mu.” A lokacin ne na zaro zanen. Dattijuwar ta shimfiɗa shi a cinyarta, ta bi shi da yatsu kamar mai karatu, har ta tsaya a wurin da ya fi sirancewa, can wajen tsakiya. Ta tambaye ni me ya cinye nan. Na ce goyo ne, mu bakwai aka goya da shi. Ta yi shiru, sannan ta ce kada in yar da wannan wuri don ya tsufa, in sa masa wani yadi a baya ya tallafe shi, in ajiye shi a tsakiyar bargo, sauran su kewaye shi.

Ta miƙo mini almakashinta, wani tsoho mai baƙin mariƙi. Ɗana yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, bai sake cewa komai ba. Na yi bisimilla, na kama bakin zanen, na fara yankawa.