Tsakar Abba ta ƙi cin abinci

Jama'a, ni da na tashi ina kashe tsaka da takalmi, yau ga ni ina jinyarta. Ta ɗana Abba ce, a akwatin gilashi yake kiwonta. Kwana tara ba ta ci komai ba, wutsiyar da take tara kitse har ta fara ramewa. Shi ma yaron tuwo ya gagare shi.

Ashe sanyin hunturu ne. Sai jikinta ya ɗumama take iya narkar da abinci, ga unguwarmu mako guda babu wuta, fitilar akwatin a kashe. Na naɗe gorar ruwan ɗumi da tsumma na ajiye mata, na kamo gyare mai rai da tocila. Daren jiya ta cafke biyu.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Allah ya shirye ku, kai da ɗanka."