Sabuwar Unguwa Da Filin Da Aka Bari

Ran Asabar ta ƙarshen watan jiya malaminmu na labarin ƙasa ya fita da mu, mu 'yan ajin ƙarshe, zuwa bayan birnin Kano, domin mu ga wata sabuwar unguwa da a ke cikin yankawa. Ya ce ya gaji da zana mana taswira a jikin allo, gani ya kori ji. Tun da muka komo ba mu da wata hira a ɗakin kwana sai tata, har muka ga ya kamata mu rubuta abin da muka gani da abin da mu ke tsammani, ko 'yan'uwanmu da ba su sami zuwa ba sa ƙaru.

Wurin nan bara waccan gonaki ne na gero da dawa. Yanzu katafila ta bi ta share, an fid da tituna miƙaƙƙu kamar an ja su da zare, ko wane fuloti an kafa masa turaku huɗu na siminti da lamba a jiki. Waɗansu gidaje har an rufa musu kwano, waɗansu an kai linta, galibi kuwa tukuna sai tulin yashi da bulo. Safiyon da ya tarye mu ya shimfiɗa taswirar wurin bisa kan mota, ya riƙa nuna mana da tsinke: nan kasuwa, nan masallacin Jumma'a, nan ɗakin shan magani, can gefe maƙabarta, ga kuma hanyar da ruwan sama zai bi ya faɗa rafi. Da ya ce, "Nan makaranta," sai muka haɗa baki muka roƙe shi ya kai mu, gama ko wane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi.

Muka tarar da fili ne fetal, ba kome cikinsa sai tafasa da awaki, da wata ɗorawa guda a tsakiya. A gindinta akwai wani dattijo zaune yana tufkar igiya. Muka durƙusa muka gaishe shi, malam ya gaya masa ko mu su wane ne. Ya dube mu ɗaya ɗaya, sa'an nan ya ce, "Samari, inda ku ke tsaye ɗin nan gonar ubana ce, a nan na koyi riƙon fartanya. In dai makaranta za a yi, na yafe, jikokina sa shiga. Abin da ni ke tsoro, kada in wayi gari in ga kantuna." Muka ce, "Baba, ai ga shi a takarda." Ya yi murmushi, ya ce takarda ba ta tsaron gona.

Maganar nan ta dattijo ita ce ta tsaya mana a rai. Da muka yi ta juya ta, sai muka gane abin da ya raba unguwar da aka tsara da wadda ta tsiro da kanta ba kyaun gidaje ba ne, gama ko a cikin lungu mai kuɗi ya kan gina bene. Bambancin yana wajen filin da aka bari ba a gina ba, watau faɗin titi, da hanyar ruwa, da wurin kasuwa, da maƙabarta, da filin makaranta. Gida yana da mai shi, in an taɓa masa ko taku ɗaya sai alƙali ya ji. Filin jama'a kuwa na kowa ne, sabo da haka sau da yawa ya kan rasa mai tsaya masa.

Kada a zaci wannan hikima baƙuwa ce a ƙasarmu. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa kuma, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina fadar da har yanzu a ke kira Gidan Rumfa. Ba su ja ganuwar daidai bakin gidajen da ke akwai ba, sai suka kewaye fili mai yawa, domin a sami wurin noma da kiwo in maƙiya sun tsare ƙofofi, a kuma sami wurin zama ga waɗanda ba a haifa ba tukuna. Sa'ad da Baturen nan mai yawon duniya, Dokta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta wajen 30,000, ya kuma lura da cewa gidaje sun cinye sashi guda ne kaɗai na cikin ganuwa, saura duk fili. Mutanen da ba su da taswira sun yi tanadin da ya wadaci jikokinsu shekaru ɗaruruwa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, baƙi suka yi ta kwarara, wajen 1913 aka yanka Sabon Gari da tituna masu gicciye juna. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a 1931, aka jawo ruwan famfo daga Challawa. Ƙidayar 1952 ta sami mutanen Kano wajen 130,000. Aka yi wa birnin tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda a ke kira da sunan mai tsara shi, Trevallion. Amma yaɗuwar mutane ta riga aikin safiyo gudu, har ƙidayar 2006 ta sami fiye da 2,800,000 a ƙananan hukumomi 8 na birni da kewaye. To, wannan ɗimbin jama'a ina suka kwana?

Mu mun san amsa, gama da yawa cikinmu a can muka tashi. Mai gona ya ga gari ya iso shi, sai ya kira dillali, a ɗauko igiya a yayyanka gonar, ko wane yanki a sayar. Wannan shi a ke kira awon igiya. Ba mu zargin wanda ya saya, iyayenmu ne, abin da ƙarfinsu ya kai ke nan, ba don shi ba kuwa da talaka bai mallaki ɗaki a Kano ba. Amma igiya ba ta barin kome. Mun san lungun da in an yi rasuwa sai an karkata makara kafin a fita da ita. Mun san daren Agusta da a ke kwana tsaye ana kwalfe ruwa daga ɗaka, domin an yi gini bisa hanyarsa, an cike kududdufin da dā ya ke zuba. Da aka tura mu gwajin koyarwa a zangon da ya wuce, waɗansunmu sun sami makarantar da yara suka cika aji har bakin ƙofa, ba filin da za a yi musu motsa jiki, ba kuwa inda za a ƙara ɗaki ko da an sami kuɗin, gama gidaje sun kewaye ta ta ko ina. Laifin ba na malaman wurin ba ne, an yi shi tun ran da aka ja igiya.

Sabo da haka mu ke murna da sabuwar unguwar nan, mu ke kuma yi mata tsoro. Filin jama'a ba a kan cinye shi rana ɗaya ba. Yau mai shayi ya kafa tebur a kusurwa, gobe a ce a ara wa wani gefe ya ajiye bulo, jibi a ga an ja katanga, bayan shekara biyar wanda ya ce nan dā filin makaranta ne sai a ce ya faye tone-tone. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun dokar ƙasa ta 1978 filayen ko wace jiha amana ce a hannun Gwamna, shi ke da ikon karɓar gona domin amfanin jama'a. In an karɓi gonar dattijon nan da sunan jama'a, sa'an nan ta koma aljihun mutum guda, an ci amana sau biyu, tasa da ta yaran da za a haifa a wurin.

Akwai kuma abu biyu da fili ba ya tsaruwa sai da su. Na fari ruwa. Mun tambayi magina inda su ke samun na kwaɓa siminti, suka nuna mana 'yan garuwa suna turo kura daga nesa. Ko da ya ke an gama madatsar Tiga tun 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan da ke cikin tafki dabam, wanda ke zuba a randar uwargida dabam, tsakaninsu sai bututu da inji da mai lura da su. Unguwar da titi ya riga famfo zuwa, matanta da yaranta su ke biyan bashin.

Na biyu mutane. Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Jihar Kano ta gina manyan rukunan gidaje 3 a bayan gari, Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da tituna masu kyau, amma da yawa cikin gidajen sun yi shekaru a kulle. Darasin da mu ka ɗauka shi ne, gini ba ya zama gari sai an kwana cikinsa. In fulotan sabuwar unguwa duka suka faɗa hannun masu saye su ajiye sai sun yi tsada, ba za a ji kiran salla ba, ba mai unguwa, ba wanda zai ce wa mai jan katanga, "Tsaya." Mun yi lissafi a hanya, muka ga malamin da ya fara aiki, ko ya ƙi ci ya ƙi sha, zai daɗe bai haɗa kuɗin fuloti guda a wurin ba. Ya kamata a ware waɗansu ƙanana, masu sauƙin biya kaɗan kaɗan, domin malami da birkila da tela da mai facin taya su zauna kusa da aikinsu. Waɗanda 'ya'yansu za su shiga makarantar gwamnati su ne za su fi jin zafin a taɓa filinta.

Ko cikin gidajen ma mun lura da abu guda. Galibin waɗanda aka gama ba su da zaure, tsakar gidan kuwa ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Mu duka a zaure muka fara riƙe allo, nan a ke sauke baƙo, nan a ke sulhu, nan a ke zaman makoki. Zaure shi ne filin da mai gida ya bari domin jama'a. Muna fata masu zanen gidaje za su tuna da shi.

To, mene ne tsammaninmu game da unguwar? Muna ganin tana iya zama wuri mai albarka, gama an fara ta da awo, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Amma ba taswira za ta yanke hukunci ba, shekaru goman farko ne. Mu da za mu fita baɗi, ba mu da iko bisa ƙasa, amma ba mu rasa abin yi ba. Duk wanda aka tura makarantar da ke da fili, ya nemi sanin iyakarta tun makon farko, ya taka ta da ƙafarsa tare da mai unguwa da iyayen yara. Ya sa 'yan ajinsa su auna ta, su zana ta, ya zama darasin lissafi da na labarin ƙasa gaba ɗaya. Su dasa darbejiya a kan iyaka, ko wane yaro da tasa, gama turken siminti a kan tumɓuke shi da dare, itacen da yara arba'in suka sani kuwa ba ya ɓacewa a ɓoye.

Da za mu taso mun koma mun yi sallama da dattijon. Ya ce in Allah ya sa ɗayanmu ne aka kawo wurin, roƙonsa guda, kada a sare ɗorawar. Mun yi masa alkawari, mun kuma rubuta shi a nan domin 'yan ajin da ke bayanmu su zama shaida. Allah ya ba mu ikon cikawa, amin.