Kalmar "Cold" da Sanyin Bahaushe

Turawa suna da wata kalma, "cold", wadda ma'anarta ta asali ita ce sanyi. Amma idan suka jingina ta ga mutum, to, zargi ne: suna nufin ba ya sakin fuska, ba ya jan mutane a jiki, in an gaishe shi a daƙile yake amsawa. Kishiyarta ita ce "warm", watau ɗumi, da ita suke yabon mai haba-haba da jama'a.

Abin da ya ja hankalina shi ne, Bahaushe ya juya wannan ma'auni. A wurinmu mai sanyin hali abin yabo ne, mai zafin rai ake gudu. Wanda aka yi wa albishir yakan ce ya ji sanyi a ransa. A ganina yanayin ƙasa ne ya jawo haka. Mutumin Ingila wuta yake nema ya ji ɗumi, mu kuwa da muka san ranar bazara a Gaya, inuwa da ruwan randa su ne rahama. Saboda haka mai fassarar da ya mayar da "cold" ta zama "mai sanyi" ya yabi wanda aka yi nufin kushewa.

To, yaya za a ce? Bahaushe a fuska yake auna wannan hali, shi ya sa masu iya magana suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Akwai rashin fara'a, akwai ɗaure fuska da shan kunu, akwai miskilanci, akwai kuma shan ƙamshi, wanda tushensa girman kai ne. Kowanne da muhallinsa, zancen ne zai nuna wanda ya dace.

Amma fa akwai wani tarko da ya fi wannan. A ƙauyukan Ajingi na sha ganin ɗan fari ya dawo daga birnin Kano bayan watanni, mahaifiyarsa ba ta ambaci sunansa ba, ko kallon kirki ba ta yi masa ba, sai ta duƙufa gaisawa da abokin tafiyarsa. Alhali tun da safe ta sa an yanka kaza dominsa. Baƙon da bai san al'ada ba zai ɗauka "cold" ce. Mu kuwa kunya muke kiran wannan, ko fulako, kuma Kirk-Greene ya lissafa kunya cikin halayen mutumin kirki a nazarinsa na 1974. Haka suruki yake kauce wa surukarsa a hanya, ba don ƙi ba, sai don girmamawa.

Don haka nake kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu sha'awar fassara, mu riƙa tambayar abin da ya sa fuska ta ɗaure kafin mu zaɓa mata kalma. In ba haka ba, wata rana sai mu rubuta wa duniya cewa iyayenmu mata ba sa ƙaunar 'ya'yansu na fari. Allah ya kiyashe mu.