Fiyanon da Babur Zai Iya Ɗauka

Duk wanda ya shiga shagon kayan kiɗa a Sabon Garin Kano da niyyar sayen fiyano, tambayoyi uku ne kan fara fitowa daga bakinsa: nawa ne, sautuka nawa ne a cikinsa, sabo ne ko na hannu. Ba kasafai ake tambayar nauyinsa ba, domin yawancin masaya a kan tebur za su girke shi, a coci ko a situdiyo, ya shekara bai motsa ba. Amma akwai masu sana'ar da nauyin ne ke yanke musu hukunci kafin komai. Su ne makaɗan da ke yawon biki da suna da Mauludi a ƙauyukan arewacin Kano, tsakanin Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa da Bichi da Ɓagwai. A wurinsu kowane kilo kuɗi ne, kuma a wasu lokuta shi ne ke raba karɓar aiki da ƙin karɓarsa.

Sai an fahimci ƙasar kafin a fahimci lissafin. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yankin da ke kewaye da birnin a matsayin ƙasa mai cunkoson jama'a, inda ake noma kusan kowace gona duk shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, taki ne ke riƙe da ita. Wanda ya taso a nan ya san hoton: gona na manne da gona, gawo da ɗorawa da kuka a tsaye a tsakiyarsu, kana barin wata unguwa kana hango rumbunan ta gaba. Ga makaɗi wannan alheri ne, domin da an kammala kaka, haka nan kuma gab da azumi, bukukuwa ba sa yankewa. Sai dai ayyukan ƙanana ne, ladansu kaɗan ne, kuma hanyar zuwa gare su burtali ce da ƴar siririyar hanya tsakanin gonaki, yashi da rani, taɓo da damina. Mota iyakarta bakin kwalta. Tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, amma a karkara har gobe babur ne ke kai amarya da majinyaci da buhun taki, shi ne kuma ke kai makaɗi.

Ina da ƙane, ɗan baffana, manomi ne da damina, makaɗi da rani. Ya yi shekaru yana aiki da wani tsohon babban fiyano ƙirar Yamaha da ya saya na hannu daga wani situdiyo a birni. Sautinsa ba a magana. Amma ba ya aiki da batir, saboda haka duk inda za shi sai da janareto. Tafiyarsa babur uku ce: na farko shi da fiyanon a naɗe cikin bargo, a gicciye bisa cinyarsa, gefe da gefe yana shafar karan dawa, na biyu lasifika biyu da amfilifaya, na uku janareto da jarkar fetur da yaron da ke kula da su. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin acaɓa da na man janareto suka tashi lokaci guda, abin da uwar amarya ke iya biya kuwa bai tashi ba. Sai ya koma ƙin karɓar duk aikin da ya yi nisa da titi, wato mafi yawan ayyukansa.

Ya same ni a Kano, saboda a ganinsa ɗan jarida ya iya karanta takardun da ke zuwa da kaya. Ya ce: "Yaya, ni fa ba sautuka dubu nake nema ba. Guda goma nake taɓawa tun da na fara sana'ar nan. Abin da zan goya a baya nake so."

Abin da sikeli ya nuna

Muka zauna muka jera su. Manyan fiyano na Yamaha da situdiyo ke alfahari da su, irin su PSR-SX700 da PSR-SX900, kowanne kilo 11.5 ne, kuma sai da wuta. Ƙaninsu PSR-SX600 ya ɗan haura kilo 8, shi ma ba ya cin batir. Daga nan sai PSR-E473 mai kilo 7, da PSR-E373 mai kilo 4.6, dukansu suna tashi da ƙananan batura shida. Can ƙasa akwai na kamfanin Casio, CT-S200 da CT-S300, kilo 3.3 kacal, har da mariƙi a jikinsu kamar akwatin ɗan makaranta. Dukansu maɓallai 61 gare su, tsawonsu bai yi wani bambanci ba.

Wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma zai ce tazarar ba ta da yawa: kilo huɗu ko biyar, ko kwatan buhun siminti bai kai ba. Amma nauyin fiyano ba a jikinsa kaɗai yake ba. Fiyanon da ba ya cin batir yana jan janareto, janareto yana jan jarka da yaro da babur guda. Ga ƙararsa da ke shiga makirfo, ga wutarsa da ke hawa da sauka har ta ƙone adafta ana tsakiyar kamu. Fiyanon da ke cin batir kuwa, in aka haɗa shi da lasifikar caji irin wadda masu tallan magani ke ja a kasuwar Dambatta ran Lahadi, ya sallami wannan ayari duka. Sola ta shiga ƙauyuka, shagon cajin waya yana ko'ina, kuma akwai batura masu caji da suka dace da shi.

Abin da sauƙi ke tafiya da shi

Araha ba ta ado, in ji Hausawa, sauƙin nauyi ma akwai abin da yake ci. Abubuwa uku ne na ga sun shafi makaɗin Hausa kai tsaye.

Na farko shi ne ƴar ƙafar da ke gefen hagu, wadda ake murzawa a lanƙwasa sauti. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalma kan canza ma'ana in murya ta hau ko ta sauka. Shi ya sa kalangu ke magana: makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, fatar ta ɗaure ko ta saki, sautin ya bi hawa da saukar kalmomi har mai sauraro ya gane taken wane ake yi. Maɓallan fiyano tsani ne, daga wannan mataki sai wancan, babu zamewa a tsakani. Wannan ƴar ƙafar ce ke ba makaɗi damar kwaikwayon zamewar goge ko algaita. PSR-E373 ba shi da ita, CT-S200 ma haka. PSR-E473 da CT-S300 suna da ita.

Na biyu shi ne ramin filas. Kiɗan da ke zuwa a cikin waɗannan na'urori daga masana'anta na Turai ne da Amurka da Latin, sai ɗan abin da ba a rasa ba na wasu ƙasashe. Makaɗanmu da hannunsu suke haɗa salon da ke kama da kalangu ko bandiri, suna musayarsa a tsakaninsu. Fiyanon da ke karɓar filas kai tsaye, kamar E473, ana iya ɗora masa sabon salo a gindin bishiya. E373 sai an haɗa shi da kwamfuta, wato sai an je gari.

Na uku shi ne jin nauyin yatsa, in ka danna a hankali ya yi ƙasa-ƙasa, in ka buga ya ɗaga. Wanda ba shi da wannan murya ɗaya gare shi daga farko har ƙarshe, ga mai begen Annabi kuwa, da ke son ya sassauta a wani baiti ya ɗaga a wani, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Sai kuma abin da takardar kamfani ba ta faɗa: ƙurar hunturu. Tana shiga ƙarƙashin maɓallai ta kwanta a kan robar da ke isar da saƙo, ka wayi gari maɓalli ɗaya ya kurumce. Maganinta jaka mai zif da zanen rufewa, da kuma sayen ƙirar da masu gyara suka saba da cikinta. Fiyanon da babu mai iya buɗe shi a Kano, komai kyansa, ranar da ya tsaya ya zama kayan ado.

Tsohuwar tafiya ce

Neman sauƙin kaya ba da ƙanena ya fara ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da ayarin masu kalangu da ƴan amshi yake tafiya, kuma manyan mutane ne ke iya ɗaukar nauyin ayari irin wannan. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zagaya duniya da kuntigi mai tsarkiya ɗaya da ba ya buƙatar ko ɗan dako. A Jamaika, a 1985, wani salon kiɗa da ke cikin ɗan ƙaramin Casio MT-40 ne ya juya akalar kiɗan rege zuwa na na'ura. A nan gida, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce a kan yadda fiyanon Yamaha samfurin PSR ya zama ƙashin bayan waƙoƙin finafinan Hausa daga shekarun 1990, har mutum ɗaya a ɗaki ya riƙa fitar da abin da a da sai an tara makaɗa. Daga situdiyon Kano salon ya gangara ƙauye, mawaƙan biki da sha'irai suka karɓa.

Akwai waɗanda suka biya kuɗin wannan sauƙi. A unguwarmu akwai gidan makaɗa, gadonsu ne tun kakanni: gangar noma a ranar gayya, kalangu a dandali da wurin mahauta. Da fiyano ya zo, kiran da ake yi musu a biki ya ragu, ƴaƴansu da dama suka koma acaɓa da ci-rani. Yanzu kuma shi kansa mai fiyanon ya ga wanda ya fi shi sauƙin kaya, wato mai DJ, da filas ɗaya a aljihu da waƙoƙin duk mawaƙan birni a ciki. In sauƙi kaɗai ake nema, shi ne ya ci gasar.

To me ya rage wa makaɗi? Abu ɗaya ne, kuma a kansa abincinsa yake. Waƙar da aka naɗa ba ta san cewa gwaggon amarya ta shigo fili yanzu ba. Ba ta san sunan kakanta ba, ba ta san cewa ita ce ta yi wa amarya gara ba. Makaɗi mai rai yana gani, ya ja kiɗan baya, ya kira ta da zuriyarta, ta taso tana liƙi, ƙawayenta su biyo ta. Ƙanena ya ce mini sau da yawa liƙin ya fi kuɗin da aka yi jinga da shi. Ma'aunin ke nan: a rage nauyi har zuwa inda hannu zai ci gaba da amsa wa fili, kada a wuce nan. Fiyanon da ya yi sauƙin da ba ya lanƙwasa sauti, ba ya karɓar salon gida, ba ya jin yatsa, ya mai da makaɗi mai danna maɓalli kawai, kuma a wannan fagen mai DJ ya fi shi araha.

Abin da aka saya

Mai kilo bakwai ya ɗauka, na hannu, bayan ya sayar da tsohon ya cika da kuɗin gyaɗa. Kafin ya biya ya danna maɓallan 61 ɗaya bayan ɗaya, ya cire wuta ya gwada shi da batir, ya sa filas ɗinsa ya ji salonsa ya tashi. Ya yarda cewa sautin bai kai na tsohon kauri ba, kuma a babban fili lasifikar caji ba ta kai wa na baya. Irin waɗannan ayyuka yakan yi hayar kayan sauti daga cikin gari, ya sa a jinga. Yaron janareto ya rasa ɗan abin da yake samu, wannan ma gaskiya ce.

Yanzu tafiyar babur biyu ce. Shi yana goye da fiyano a jaka, na biyun kuma lasifika ce da wani matashi daga gidan makaɗan nan, rataye da kalangu. Na tambaye shi dalilin ƙara mutum bayan duk wannan fama na rage kaya. Ya ce: "Yaya, tsofaffi ba sa tasowa sai sun ji fata. Fiyano na ƴan mata ne, kalangu na iyayensu, kuma kuɗin a hannun iyayen yake."

Da yawa daga cikin masu karanta wannan wasiƙa su ne ƴan uwa na birni da ake zuwa wurinsu neman gudummawar jari. In wani ƙane ya zo muku da maganar fiyano, kafin ku tambaye shi farashi, ku tambaye shi babur nawa ke kai shi wurin aiki, da kuma wanda zai hau na biyun.